Gandun Dabbobi: Faɗuwar Ɗantulu da Alhakin Masu Shiru

Cikin littattafan da aka juyo mana zuwa Hausa, kaɗan ne suka zauna daram a bakinmu kamar Gandun Dabbobi. Bala Abdullahi Funtuwa ne ya fassara shi daga Animal Farm na marubucin Ingila George Orwell, Maɗaba'ar Jami'ar Ibadan kuma ta buga shi a 1975. Ɗan ƙaramin littafi ne, mai himma zai iya gama shi tsakanin azahar da isha'i, amma ga shi an yi rabin ƙarni da fitowarsa bai daina yi mana magana ba. Yawancin masu ambatonsa a kan Maitumbi suke tsayawa, azzalumin aladen nan da ya haɗiye gandun. Ni kuwa Ɗantulu ne ya fi tsaya mini a rai, ɗan gwagwarmayar da aka kora da karnuka, da kuma tambayar da labarinsa ke jefo wa mai karatu: yaushe faɗuwarsa ta fara, kuma da hannun wa?

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Nomau manomi ne mashayi, yana morar dabbobinsa yana barin su da yunwa. Wani tsohon alade, Dattijo, ya tara su da dare ya nuna musu cewa duk wahalarsu daga ɗan Adam take, ya hore su kada su taɓa ɗaukar ɗabi'unsa in sun yi nasara. Bai daɗe ba ya mutu. Ran nan yunwa ta kai su bango, suka far wa Nomau da yaransa, suka fatattake su. Gandu ya koma hannun dabbobi, aka rubuta dokoki 7 a jikin bango, aladu kuma da yake sun fi saura wayo suka karɓi ragama. Biyu ne a gaba: Ɗantulu mai kaifin basira da iya magana, da Maitumbi mai ƙarancin magana da yawan ƙulle-ƙulle. Na ukunsu Karambana, wanda harshensa ke iya mai da baƙi fari. Daga nan sai gangara, sannu a hankali, har ranar da dabbobi suka leƙa ta taga suka kasa bambance fuskar alade da ta mutum.

Orwell, wanda sunansa na yanka Eric Blair, ba daga nesa ya hango abin da ya rubuta ba. An haife shi a Indiya a 1903, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama na shekara 5, ya ajiye don ƙyamar abin da ya gani. A 1937 yana fagen yaƙin basasar Sifen, yana yaƙar sojojin Franco, har harsashi ya ratsa masa wuya. A can ya ga yadda 'yan kwaminis masu biyayya ga Stalin suka juya kan abokan gwagwarmayarsu, suna kama su suna kiran su 'yan leƙen asirin abokan gaba. Da ƙyar ya tsira. Ya rubuta littafin tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944, lokacin Rasha na ƙawance da Ingila a yaƙin Hitila, don haka masu buga littattafai da dama suka ƙi taɓa shi. Sai a watan Agusta na 1945 ya fito. Kowa a lokacin ya gane Maitumbi Stalin ne, Ɗantulu kuma Trotsky, wanda aka kora daga Rasha a 1929, aka bi shi har Mekziko aka kashe a 1940.

Gwanintar Funtuwa ita ce bai sa mana sharaɗin sanin wannan tarihi ba. Ya ciro labarin daga ƙauyen Ingila ya dasa shi a ƙasarmu, ya raɗa wa kowa sunan da ya dace da halinsa. Da ka ji Akawal ka san baƙin ingarma ne mai ƙarfi, da ka ji Aura ka ga jaki, da ka ji Maitumbi ka san inda abincin gandu zai ƙare. Hausarsa ba ta ɗingishi, ba ka jin Turanci na leƙowa ta ƙarƙashinta. Mu da muka tashi da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da Dila malamin daji, muka kuma karanta yadda aku ya zama waziri a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ba baƙon abu ba ne a gare mu dabba ta yi siyasa. Bambancin shi ne, a tatsuniya wayon Gizo dariya yake ba mu, a nan kuwa wayon Karambana kuka yake jawowa.

Faɗuwar Ɗantulu ta fara ne tun washegarin nasara, kafin kowa ya san akwai gaba tsakaninsa da Maitumbi. An tatsi shanu, ga bokitai cike da madara, dabbobi na tambayar yadda za a yi da ita. Maitumbi ya sha gaban bokitan, ya ce a wuce gona, girbi ya fi muhimmanci. Ɗantulu ne ya ja su zuwa gonar. Da suka dawo da yamma babu madara. Bayan 'yan kwanaki ta bayyana cewa cikin abincin aladu ake dama ta, aka kuma ƙara da cewa 'ya'yan itatuwan da suka faɗo duk na aladu ne. Marubucin ya ɗan tsaya a nan ya sanar da mu cewa a wannan batu bakin aladu ya zo ɗaya, har da Ɗantulu. Mutumin da ke jayayya da Maitumbi a kan komai, a kan madara bai yi jayayya ba, don shi ma yana sha. Aka tura Karambana ya bayyana wa jama'a cewa aikin ƙwaƙwalwa ne ke bukatar madara, ba kwaɗayi ba, kuma in aladu suka raunana Nomau zai dawo. Da jin sunan Nomau kowa ya ja bakinsa.

Sai batun 'yan kwikwiyo. Karnuka suka haihu, Maitumbi ya kwashe 'ya'yan guda 9 da sunan zai ba su tarbiyya, ya ɓoye su. Ɗantulu yana can yana kafa kwamitoci, yana koyar da karatu, yana zana taswirar babban ginin da zai sauƙaƙa wa dabbobi aiki. Bai taɓa tambayar ina aka kai su ba. Ranar da za a kaɗa ƙuri'a kan ginin, ya miƙe ya yi jawabin da ya tafi da zukatan kowa. Maitumbi bai yi musu da shi ba. Wata irin ƙara kawai ya yi, sai ga ƙarti 9 sun faɗo taron, suka yi kan Ɗantulu. Ya ruga, ya zame, ya tashi, wani ya kusa cafke wutsiyarsa, ya kurɗa ta wata kafa a shinge, ba a sake ganinsa ba. Karnukan suka dawo suna kaɗa wa Maitumbi wutsiya kamar yadda iyayensu ke yi wa Nomau. A ranar aka soke taron mako-mako. Wasu samarin aladu 4 suka ɗaga murya, gurnani ya zaunar da su.

A nan nake ganin zurfin littafin. Ɗantulu ba azzalumi ba ne, jarumi ne, shi ya tsara yaƙin da aka kori Nomau karo na biyu, har harsashi ya yage masa baya. To amma shi da kansa ya amince cewa akwai waɗanda doka ba ta hawa kansu. Ranar da ya bukaci jama'a su tsaya masa, ya tarar da jama'ar da ya taimaka aka koya wa haɗiye tambaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Korarsa ba ta ishi Maitumbi ba, sai da aka kashe shi a cikin tunanin dabbobi. Bayan mako 3 aka ce ginin da ya zana ai tun asali dabarar Maitumbi ce, sata ya yi. Iska ta rushe ginin, aka ce shi ne. Makulli ya ɓace, shi ne. Daga baya aka ce tun farko ɗan leƙen asirin Nomau ne, a ƙarshe ma aka ce a gefen Nomau ya yi yaƙi, raunin bayansa kuma haƙoran Maitumbi ne. Dabbobin da suka ga jininsa da idonsu suka fara shakkar idon nasu. Akawal kaɗai ya ce shi fa bai yarda Ɗantulu maci amana ne tun farko ba. Ba a jima ba, a ranar da aka tara jama'a don yanke hukunci, karnuka 3 suka yi kansa. Ya sa kofato ya danne guda a ƙasa, karen na kururuwa, sauran suka gudu. A wannan lokaci ƙarfin gandun duka yana ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ya ɗaga kai ya dubi Maitumbi, yana neman izni: ya murƙushe ko ya saki? Aka ce ya saki, ya saki. Nan take aka shiga yanka waɗanda suka amsa laifin da ba su yi ba, har gawarwaki suka taru. Ban san wani wuri a adabi da ya nuna ƙarfin talaka da rauninsa a numfashi ɗaya kamar wannan ba.

Bangon dokoki shi ne ɗayan ginshiƙin littafin. Duk lokacin da aladu suka karya doka, sai a wayi gari an ƙara mata 'yar jela. Haramcin kwana a gado ya koma haramcin shimfiɗa kawai, haramcin giya ya koma haramcin wuce kima, haramcin kisa ya samu togaciya. Goɗi, goɗiyar nan mai tausayi, takan ji a jikinta cewa ba haka dokar take ba, amma ba ta iya haɗa baƙi, sai ta nemi a karanta mata, ta ji ƙarin, ta ce watakila ita ce ta manta. Akawal bai wuce haruffa 4 ba. Aura kuwa ya iya karatu kamar kowane alade, amma ya ɗauki shiru ya mai da shi hikima. Har dare guda aka ji faɗuwa, aka fito aka tarar da Karambana a ƙasa kusa da karyayyen tsani, ga gwangwanin fenti ya kife. Aura ya gane, ya gyaɗa kai, bai ce uffan ba.

Wanda ya karanta wannan a 1975 bai bukaci a yi masa tafsiri ba. A ranar 1 ga Oktoba 1974 Janar Yakubu Gowon ya sanar cewa alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, a ƙarshen Yulin 1975 kuma aka hamɓarar da shi. Daga baya mun ga yadda aka yi ta ɗage ranar miƙa mulki a zamanin Janar Ibrahim Babangida, daga 1990 zuwa 1992 zuwa 1993, har aka soke zaɓen 12 ga Yuni. Kowane ɗagewa da bayaninsa mai daɗin ji.

Ƙarshen Akawal shi ne wurin da mai karatu ke ajiye littafin ya share ido. Dokin da amsarsa ga kowace matsala ita ce ya ƙara himma, wanda ya ɗauka shugaba ba ya kuskure, ya yi ta jan duwatsu da tsagaggen kofato har huhunsa ya gaza. Aka ce asibiti za a kai shi. Dabbobi suka taru suna yi masa sai ka dawo. A ranar ce Aura ya karya shirunsa, ya karanta musu rubutun da ke jikin keken: na masu yanka dawaki ne. Suka bi suna ihu, aka ji ƙarar kofato daga ciki, ta yi rauni, ta ɗauke. Bayan kwana 3 Karambana ya zo da hawaye ya ce yana gefen gadonsa ya cika, ba da daɗewa ba kuma aka kawo wa aladu akwatin giya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Karatun Aura ya zo daidai, amma ya zo a makare, kuma ina ganin duk ɗan bokon da ya karanta wannan shafi bai ji an taɓa shi ba, to bai karanta ba.

Duk da wannan yabo, akwai inda littafin ya rage mana. Na farko ya shafe mu musamman. Bahaushe Musulmi ya riga ya ƙyamaci alade tun kafin ya buɗe shafin farko, saboda haka ba ya taɓa ruɗuwa da Maitumbi. Alhali azzalumi na gaske da tafi da guɗa ake tarbarsa, namu ne, muna son sa. Na biyu, an raba wayo bisa jinsi: alade haziƙi ne, tunkiya daƙiƙiya ce, haka aka halicce su. Mai karatun da bai yi hattara ba zai iya fita da raina talaka, ya ce dama haka suke. Talakanmu kuwa ba kwanya ya rasa ba, makaranta aka hana shi. Na uku, daga waje kawai muke kallon Ɗantulu. Ba mu san abin da ya gaya wa zuciyarsa ranar madara ba.

Wannan giɓi na uku wani littafin ne ya cike shi, Darkness at Noon, wato duhu da tsakar rana, na Arthur Koestler, abokin Orwell, wanda ya fito a Landan a 1940. Koestler ɗan Hungari ne, ya yi shekaru cikin jam'iyyar kwaminis ta Jamus kafin ya fice a 1938, ya kuma ɗanɗani kurkukun Franco yana jiran hukuncin kisa. Jaruminsa Rubashov tsohon jigon juyin juya hali ne da jam'iyyarsa ta jefa a ɗaki mai lamba 404. A can yake tuno waɗanda shi da kansa ya sadaukar don amfanin jam'iyya: wani saurayi a Jamus, wani shugaban ma'aikatan tashar jirgin ruwa da ya rataye kansa, da sakatariyarsa da ya bari aka kashe bai buɗe baki ba. Da mai tuhumarsa Gletkin ya hana shi barci ƙarƙashin fitila mai kashe ido, bai samu hujjar kare kansa ba, don hujjar da ake kashe shi da ita ita ce wadda ya yi ta kashe wasu da ita. Ya amsa laifin da bai yi ba, aka harbe shi, kamar yadda aka yi wa Bukharin, wani jigon Rasha, bayan shari'ar Mosko ta 1938. Ina fata wata rana a samu mai himma irin Funtuwa ya juyo mana shi, a riƙa karanta su tare.

Nahiyarmu ta ga irin wannan faɗuwa, ko da yake kowace da nata dalilin. Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu da yunwa a sansanin Boiro na Gini a 1977, a hannun gwamnatin Sekou Toure da ya yi wa minista. A Nijar, Sani Souna Sido, na biyu ga Seyni Kountche bayan juyin mulkin 1974, an kama shi a 1975, bai fito da rai ba. An kashe Thomas Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987, amininsa Blaise Compaore ya hau kujerarsa. A nan Legas aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa, soja mawaƙi, a watan Maris 1986, a ƙarƙashin mulkin abokinsa na ƙuruciya, Janar Babangida.

Amma kuskure ne mu ɗauka littafin na fadar shugaban ƙasa ne kawai. Mu mazauna Ojo da Agege da sauran zangunan Kurmi da ƙungiya muke rayuwa. Mai sayar da raguna, mahauci a Oko-Oba, ɗan acaba, mai turin baro, mai sayar da gwari, kowa yana da ƙungiya, yana yankar tikiti kullum, yana da shugaba da sakatare da ma'aji. Da yawansu an kafa su ne da kyakkyawar niyya, don kare baƙo daga cin zali, kuma akwai shugabanni masu amana da suka tsaya wa mutanensu. To amma duk wanda ya daɗe a irin waɗannan tarurruka ya san wani yanayi. Saurayi zai miƙe daga baya, ya cire hannu daga aljihu, ya ce, “Ranka ya daɗe Shugaba, muna roƙon a karanta mana lissafin kuɗin tikitin bana.” Kafin ya zauna wani dattijo zai ce, “Kai yaro, zauna. Mu baƙi ne a garin nan. So kake a ji kanmu ya rabu a tashe mu?” Sai wuri ya yi tsit. Tsoron ba na ƙarya ba ne, don waɗanda suka ga rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba su manta ba. Nomau ma ai da gaske yake son dawowa. Abin da littafin ke koya mana shi ne, barazana ta gaskiya ita ta fi daɗin fakewa ga mai son shan madara shi kaɗai. Haɗin kan da ba ya jure tambayar lissafi, shugaba kawai yake karewa.

Wasu na cewa littafin yana kashe gwiwa, wai saƙonsa shi ne kowane canji banza ne. Gaskiya ne an yi amfani da shi a matsayin makami lokacin yaƙin cacar baka, har hukumar leƙen asirin Amurka ta zuba kuɗi a fim ɗinsa na zane da ya fito a 1954, aka kuma sauya masa ƙarshe. Amma Orwell ɗan gurguzu ne har ya mutu a 1950, kuma a wata wasiƙa da ya rubuta a 1946 ya bayyana cewa batun madara da 'ya'yan itatuwa shi ne mararrabar labarin, da dabbobi sun tsaya kai da fata a nan da abin bai lalace ba. Babu inda littafin ya wanke Nomau. Korarsa daidai ce. Sakacin da ya biyo baya ne abin zargi.

Tarihinmu ma yana da misalin wanda ya ƙi yin shiru tun da wuri, kuma shi ya kamata mu ɗauka madubi. Wajen 1807, jihadi na kan ganiyarsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu cikin jama'a sun fara karkata ga dukiya da sarauta. Ƙanen Shehu ne, wazirinsa ne, da ya so da ya fi kowa rabo. Sai ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don a san iyakar mai mulki da haƙƙin wanda ake mulka. Ya yi maganar tun yana ciki, tun yana da abin da zai rasa. Wannan ne abin da Ɗantulu bai yi ba, shi ne kuma abin da Aura ya jinkirta har ya rasa amininsa.

Saboda haka ina kira ga masu buga littattafai su sake fito da Gandun Dabbobi a wadace, da araha, yadda zai iso rumfunan Ojo da Agege. Ina kira ga ɗalibai Hausawa da ke Jami'ar Jihar Legas da malaman makarantun dare su riƙa karanta shi a bayyane a majalisa, don wanda bai iya haɗa baƙi ba ya ji da kunnensa. Wanda kuma Allah ya ba karatu a cikin kowace ƙungiya, ya nemi kwafin tsarin mulkinta ya ajiye, ya karanta wa 'yan'uwa wa'adin shugaba da ƙa'idar kuɗi, ya yi tambaya cikin ladabi tun abin da ya ɓace bai wuce bokiti ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma alhakin tanƙwarawar a wuyan wanda ya iya karanta bango yake.